Shinkafar Jawahir a Bayan Motar Bandar

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in dai ba doguwa ba ce.

Ba doguwa ba ce, ku dai gyara zama.

A unguwar Tandabawi an yi wani bawan Allah, Alhaji Nasir, mai jigilar kaya da a-kori-kura, wadda nan Makka muke ce wa wanet. Fara ce, ƙatuwa, mai ƙaton inji. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar 'ya'ya biyu da mota ɗaya da makulli biyu, kowa ya ɗauki ɗaya.

Babbar ita ce Jawahir, sana'arta girki. Biki ko suna ita ake kira, in lokacin Hajji ya zo kuma ita ke kai tuwon shinkafa da miyar kuka gidajen alhazai a unguwar Aziziyya, mutanen da harshensu ya yi kewar gida. Duk tukwanen nan a bayan motar babanta suke tafiya. Ƙanenta Bandar yana aiki a shagon wayoyi, amma hankalinsa kaf yana wani filin tseren motoci da ke kan hanyar Jidda. Irin tseren nan ne da motoci biyu ke jerawa, fitila ta yi kore, su miƙe sambal, kafin ka gama hamma an gama.

Suka raba kwana: ita ranakun aiki, shi Alhamis da Juma'a. Da a nan aka tsaya da ba ni da labari.

Wata Asabar Jawahir ta tada mota ta ji tana wani irin fito kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ta buɗe gaba ta ga wani baƙon ƙarfe zaune daram a kan inji.

"Bandar, mene ne wannan?"

"Suba ce," in ji shi, ko kai bai ɗago daga waya ba. "Iska take cusa wa inji, ƙarfi ya ninka. Ba abin da za ki gane ba ne."

"A motar Baba?"

"A rabina na sa. Rabinki yana baya, inda tukwane suke."

Ranar nan ta ɗan taɓa totur a unguwar Misfala, mota ta yi zillo, rabin miyar masu suna ya ƙare a ƙasan bodi. Ta dawo gida ta tsiyaye sauran cikin takalman Bandar.

Shi kuwa abin da ke cinsa wani ne, Sami, mai baƙar wanet. Duk Juma'a sai sun jera, duk Juma'a abu ɗaya: fitila ta yi kore, tayoyin bayan Bandar su yi ta juyawa a wuri ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, kafin su kama kwalta Sami ya yi nisa. Har suna aka sa masa a filin, wai Mai Turare, saboda hayaƙin. To shi a ganinsa nauyi ne ya yi wa motar yawa. Sai ya shiga cire-cire. Ya cire kujerar baya. Ya cire safaya taya. Ya cire ƙarafunan da Jawahir ke jingina tukwane, ya kawo wani shafaffen murfi ya rufe bayan ruf, wai don kada iska ta riƙe shi. Kullum motar na ƙara sauƙi, kullum hayaƙin na ƙara yawa.

Magana ta kai gaban Gwaggo Ɗaso, yayar babansu, wadda ita kaɗai ta rage da za ta ce musu ku zauna su zauna.

"Gwaggo, Hajji saura wata ɗaya," in ji Jawahir. "Gidaje na jirana. Wannan ya mai da motar abincina gwangwani."

"Motar ba ta tuwo ba ce," in ji Bandar. Hausarsa a karye take, sai ya haɗa da Larabci. "Halas, shi ke nan, ta sayi amalanke."

"Kai da ko sunan miyar da ta raine ka ba ka iya faɗa daidai," in ji Jawahir.

"Ke da warin daddawa ya hana a zauna kusa da ke."

"Na ji ka, Mai Turare."

Nan ya miƙe. Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa, ya koma ya zauna. Ta ce ita ta gaji, mota mai makulli biyu ta ishe ta, sai dai ɗaya ya haƙura.

Bandar ne ya kawo shawarar, don zuciya ta ɗebe shi. Ya ce Juma'a mai zuwa zai kara da Sami. In ya sha kaye, zai kwance suba da hannunsa ya ba Yaya makullinsa. In ya ci, ta ba shi nata. Jawahir ta tuna bai taɓa cin Sami ba ko sau ɗaya, ta ce ta yarda, Gwaggo ce shaida.

Sai dai kun san zuciya. Da kwanaki suka matso sai ta fara jin tsoro, don ta ga ya kai motar gareji an ƙara mata wani abu, fiton ya ƙara kaifi. Ta ce a ranta, ai shi da bakinsa ya ce nauyi ne maƙiyinsa.

Ranar Juma'a da ya fita masallaci, ta ɗauko makullinta ta buɗe murfin baya. Ta jingina katako, ta jawo buhunan shinkafarta uku, manya, waɗanda ta tanada don alhazai, ta tura su ciki ɗaya bayan ɗaya, tana haki tana tsine wa suba. Kuma hannu ya riga ya saba. Yadda babanta ya koya mata ɗora tukwane, haka ta yi ba tare da ta yi tunani ba: ta jera su daidai saman tayoyin baya, ta ɗaure tamau da igiya don kada su motsa ya ji. Ta rufe, ta kulle, ta je ta ɗora sanwar rana.

Bayan la'asar ta ɗauki Gwaggo a tasi suka tafi filin, don ta ce da idonta take so ta gani. Suka sami wuri a inuwa. Fara da baƙa suka jera, ƙara ta cika wurin, Gwaggo ta toshe kunne da gefen mayafi.

Fitila ta yi kore. Jawahir tana jiran hayaƙi, hayaƙi bai zo ba. Bayan farar motar ya ɗan durƙusa, tayoyi suka damƙi kwalta, ta fita kamar an harba ta. Sami ya biyo, ya matso, ya matso, amma filin ya ƙare kafin ya kamo.

Gwaggo ta cire mayafi daga kunne ta ce, "Wa ya ci?"

Bandar ya dawo samari na ta dukan bodi, shi kansa fuskarsa cike da mamaki. Sami ya zagaya motar, ya ga bayanta ya sauka fiye da yadda ya sani, ya ce a buɗe. Aka buɗe. Ga buhuna uku a ɗaure, kowanne da sunan Jawahir da jan fenti.

Wurin ya ɗauki dariya. Sami ya dafa buhu ya ce, "Ya shehi, tun yaushe ake gaya maka bayanka ya yi sauƙi ka ƙi ji? Ashe sai da aka yi maka girki." Nauyi a baya ba laifi ba ne a filin, don haka ci ya tabbata.

A nan gaban mutane aka yi ta.

"Shinkafata ce ta ci," in ji Jawahir. "Ba shi ba. A sake."

"Don ki taimake ni kika sa?" in ji Bandar.

"Don in ga bayanka na sa."

"To kin gani. Sami ma bayana ya gani."

"Gwaggo, ki yi magana."

Gwaggo Ɗaso ta daɗe tana kallon buhunan. Sannan ta ce, "'Yar nan, da ya faɗi saboda shinkafarki, za ki ce a sake?"

Jawahir ta kau da kai.

"Ba shi makulli," in ji Gwaggo.

Ba ta miƙa masa ba. Ta cire shi daga zaren wuyanta ta jefar a kwalta, tsakanin ƙafafunsa. Ta ce a sauke mata kayanta yanzun nan, ƙwaya ɗaya ba ta yafe ba. Ya ce ai ita ta ɗora, ta sauke. Ita kuwa ta naɗe hannun abaya ta sauke su ɗaya bayan ɗaya, samarin da suka matso za su kama mata ta daka musu tsawa suka ja baya. Mai tasi ya yi ta ƙorafi kafin ya yarda ya buɗe but.

Ga yadda kowa ya ƙare. Bandar ya riƙe mota, ya sa buhunan yashi a inda shinkafa ta zauna, aka daina ce masa Mai Turare aka koma ce masa Mai Tuwo, sunan kuma ya fi na farko yi masa zafi. Sami ya ci gaba da tserensa, wata Juma'ar ya ci, wata a ci shi. Jawahir ta yi Hajjin shekarar da motar haya ƙarama, rabin gidajen Aziziyya suka koma wa wata mai girkin, har yau ba ta dawo da su duka ba. Ita da ƙanenta gida ɗaya suke, in sun haɗu a ƙofa sai sallama kawai. Gwaggo Ɗaso tana nan da ranta, Jawahir ke kai mata abinci, Bandar ke kai ta asibiti, kowa da ranarsa.