Aladen Bankwanan Fada Ernesto

A garinmu, Santa Rufina, ba a ɗauke Fada a kai shi wani coci sai an yi masa bikin bankwana. A gasa alade, 'yan badujala su yi ta busa, a rataya masa furanni a wuya, a raka shi har bakin teku. Mun yi wa nagari haka, mun yi wa mashaya haka, ba mu taɓa tambayar dalilin da ya sa aka ɗauke mutum ba. Mutanenmu suna kiran wannan ladabi. Ragwanci ne.

Nong Ambo shi ne mai gashin alade a garin. Yana da 'ya, Nenita, mai shekara goma sha huɗu, tana cikin mawaƙan coci. Bayan damina ta daina zuwa koyon waƙa, ta daina fita ko ƙofar gida. Uwarta ta lallaɓa ta har ta faɗi abin da Fada Ernesto yake yi mata a ɗakin ajiye kayan ibada idan sauran yara sun watse. Ba zan maimaita shi a nan ba.

Ambo bai gaya wa kowa a gari ba, domin ya san halinmu. Ya ce zai kai yarinya asibitin birni, ya shiga jirgin ruwa da ita, suka wuce gidan Bishop Policarpo. Bishop ya saurare su tare da wata tsohuwar Sista ta coci, ya sa aka kira likita mace. Ya ce wa Ambo ba zai bar maganar ba, kuma sunan yarinyar ba zai fito daga bakinsa ba. Ya roƙi a ba shi lokaci.

Mako ya bi mako, shiru. An dai turo wani ƙaramin Fada yana jagorantar ibadar Mas, Fada Ernesto kuma ya ce maƙogwaro ke damunsa. Sai kwatsam ya shaida wa Madam Conching, shugabar majalisar coci, cewa Bishop zai zo ranar Lahadi ya ɗauke shi, an mayar da shi tsibirin Lumbayan. Kowa ya san abin da ke Lumbayan: coci ɗaya, da makarantar kwana ta 'yan mata a jikinsa.

Madam Conching ta iso gidan Ambo da laimarta.

"Nong Ambo, alade biyu nake so. Fata ta yi ƙaras-ƙaras, ba irin ta bikin 'yar magajin gari ba da muka yi ta ja kamar takalmin roba."

"Bayana ke ciwo, Madam."

"Bayan naka ya gasa wa duk Fadan da ya bar garin nan, sai a kan wannan zai yi ciwo? Ko ya yi maka wani abu ne? Na ga Nenita ma ta guje mu, ga mu ba mu da mai ɗaga murya."

Ambo ya dubi ƙasa. "Zan gasa."

Da ta fita, matarsa ta tare shi a bakin murhu. "Shi za ka gasa wa nama?"

"Idan na ƙi, kafin la'asar sunan 'yarmu yana bakin famfo."

"To Bishop ɗin naka fa? Ka ga ya yi abin da suka saba. Yaran Lumbayan ba 'ya'yan mutane ba ne?"

Ambo ya auna maganar. Idan ya yi shiru, mutumin zai haye tsibiri da furanni a wuya. Idan ya buɗe baki, Nenita ce za ta biya.

Ranar Lahadi da sassafe ya haƙa rami a gefen filin coci, ya zuba gawayin ɓawon kwakwa, ya soke aladun a gora. Berting, wanda ya tsaya wa Nenita a baftisma, shi ke juya ɗaya gorar. Bai san komai ba.

"Abokina, yau bakinka a ɗaure. Matar ta hana ka bammi ne?"

"Juya dai, kana ƙona cinya."

"Ni na ƙona? Tun kana tsoron wutsiyar alade nake wannan aiki. Ka ajiye mini kunne, kada tsofaffin majalisa su zo su yi gaba da shi. Haƙora babu, amma ka gan su a kan fata."

Da rana ta ɗaga, jirgin Bishop ya tsaya. Ya sauko da Sistar nan da wasu maza biyu masu fararen riguna waɗanda ba mu sani ba. Jama'a suka yi layi, kowa yana kama hannunsa ya kai goshi don neman albarka. Da ya iso fili sai ya ga ƙyallen bankwana, ya ga tebura, ya ga Fada Ernesto a kujerar tsakiya, furanni har haɓa. Ya tsaya cak.

Fada Ernesto ya san abin da yake yi. Bishop bai taɓa ce masa Lumbayan ba, cewa ya yi ya haɗa kayansa. Shi ya ƙirƙiri labarin tsibiri, domin ya san a wurinmu ba a kunyata mutum a gaban teburin da aka shirya masa, komai laifinsa. Lissafinsa, Bishop zai ji nauyi, ya zauna ya ci, ya yi murmushi, kuma abin da gari ya riga ya yi wa biki sai ya zama gaskiya. An sha yin haka da manyan da suka gabaci wannan Bishop.

Madam Conching ta miƙa wa Bishop makirufo ya sa albarka a abinci. Ya karɓa, ya yi wa 'yan badujala alama su ajiye ƙahoninsu.

"Ba zan sa wa abincin nan albarka ba," in ji shi. "Fada Ernesto ba ya zuwa Lumbayan, ba ya zuwa wani coci. Na dakatar da shi. Ana tuhumarsa da cin zarafin yara, na kuma yarda da abin da na ji. Waɗannan biyun 'yan sanda ne. Ni na kira su."

Wata tsohuwa ta fara kuka. Fada Ernesto ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, kai ka ɗora mini hannu na zama Fada. Ni ɗanka ne."

"Na ɗora. Ni ne kuma na turo ka nan daga cocinka na baya, bayan an yi mini raɗa a kanka, ban bincika ba, don ba na son abin da zan tarar. Can ma alade suka gasa maka." Ya juyo ga jama'a. "Wannan laifina ne, ku riƙe shi a kaina."

Madam Conching ta miƙe, fuskarta ta yi ja. "Ranka ya daɗe, mutumin da ya gyara mana rufin coci? Wanda ya binne uwata? Wace ce ta faɗa? A fito da ita mu gan ta. Yaran yanzu ƙarya ba ta yi musu wuya."

Kawuna suka fara juyawa wajen bencin mawaƙa. A bakin rami, hannun Ambo ya tsaya a kan gora.

"Madam, ki dube ni, ni ne mai ƙara," in ji Bishop. "Da ƙafata na je ofishin 'yan sanda, sunana ne a kai. Na yi makonni ina bin garuruwan da ya zauna, gida gida. Ba gida ɗaya ba ne, ba ma gari ɗaya ba. Wasu sun girma har sun yi aure. Babu sunan da za ki ji daga gare ni, yau ko gobe. Wanda kuma ya koma gida ya fara ƙirga 'ya'yan maƙwabta, ya sani aikin mutumin nan yake ƙarasawa. Mai son jifa, ya san gidana."

Wani daga baya ya ce, "Ka tozarta coci a gaban kasuwa."

"A ɗakin kayan ibada aka tozarta shi. Ni faɗa kawai na yi. Sista za ta zauna a nan wata guda. Duk mai magana ya same ta, ba sai kowa ya gani ba."

'Yan sanda suka ɗaga Fada Ernesto. Ɗaya daga cikinsu ya cire masa furannin ya ajiye a kan tebur.

Fatar aladen Ambo ta soma baƙi ta gefe ɗaya, abin da bai taɓa faruwa a hannunsa ba. Berting ya buɗe baki zai yi masa tsiya, sai ya ga hawaye na bin fuskarsa. Ya dube shi, ya dubi wurin da Nenita ta saba zama a benci, ya haɗiye maganarsa. Ya ɗaga murya yadda na kusa za su ji.

"Gawayin nan ɗanye ne, hayaƙi duk ya cinye mana ido. Matsa can, tsoho, ba ka iya komai ba."

Ya kama gora biyu shi kaɗai.

Bishop ya biyo ta gefen rami a hanyarsa ta komawa jirgi. Ya miƙa wa Berting hannu, ya miƙa wa Ambo, ya wuce, bai daɗe a kansa fiye da kowa ba. Rabin gari bai raka shi ba. Madam Conching ta naɗe laimarta ta tafi ba sallama, ta yi shekara ba ta ambaci sunansa a addu'a ba. Amma fushi bai hana kowa ƙunshe nama a ganyen ayaba ba.

Jirgin ya tashi babu busa, ya miƙi hanyar birni. Ambo ya tsaya har ya tabbata bai karkata wajen tsibiri ba, sannan ya koma gida. Nenita tana zaune a bayan ɗaki kusa da randa.

"'Yan sanda sun tafi da shi," ya ce. "Ba zai je Lumbayan ba. Ba a ambaci sunanki ba."

Ta ɗago kai. "Baba, sun yarda?"

"Wasu sun yarda, wasu ba su yarda ba."

"Shi Bishop fa?"

"Ya ce ya yarda. A makirufo ya faɗa, har bakin teku an ji."