Turaren Hajara

Tun ranar da Alhaji Tanimu ya fara ajiye babbar motarsa kat-kat a bakin lungunmu na Birni, hankalina bai kwanta da shi ba. Mutumin da ya gina otal a Yamai, me ya haɗa shi da kakata Fanta, tsohuwa mai haɗa turaren wuta wadda ko gani sosai ba ta yi? Ba dangin iya, ba na baba. Amma duk Juma'a sai ga shi da goro da sukari, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya zauna a tabarma sai ka ce mutumin kirki.

Ni dai na san masu kuɗi sun sa wa gidajen Birni ido, namu kuma a kan kwana yake. Kaka na cewa ta sayar, ni da 'ya'yana sai titi.

Sai na sa masa ido ni ma. In ya ɗaga kai ya dubi azara, in ce awo yake yi. Kaka kuwa da ya zauna sai ta aike ni garwashi, ta buɗe wata tsohuwar kwalba da ba ta taɓa sayar wa kowa abin cikinta ba, ta tsinci kaɗan ta zuba a kasko. Shi kuma ya rufe ido yana shaƙar hayaƙin. Na ce to, in ba gidan ba ne, sirrin haɗin yake so ya kai kasuwa. Irinsu ba sa ƙoshi.

Wata Juma'a da na dawo daga lakwal inda nake koyarwa, na tare shi a zaure.

"Alhaji, ka yi haƙuri, gidan nan ba na sayarwa ba ne."

"Malama Safiya, wa ya ce miki gida nake nema?"

"To me ake nema wurin tsohuwa duk mako?"

Ya juya hula a hannu, ya ce:

"Mahaifiyata Hajara a lungun nan aka kawo ta amarya. Kakarki kowace amarya takan haɗa mata nata turaren daban, ta ajiye saura. Mahaifiyar tawa ta rasu ina ƙarami, ko hoto babu. Fuskarta ta ɓace mini, sai ƙamshin zanen da take goya ni da shi. Na sa an haɗa mini a Maiduguri, an haɗa a Njamena, duk ba shi ba ne."

"Sai ka sayi kwalbar ka huta."

"Na roƙa, ta ƙi. Ta ce in na kai gida mako ɗaya zan ƙone shi. In ina son uwata, in riƙa zuwa gaishe ta."

Ban yarda da shi duka ba. Mai son gida ai ba ya rasa labari mai daɗi. Na bar shi a zaure na shiga wurin Kaka, na ɗauki kwalbar na leƙa. Abin da ya rage ko gindinta bai rufe ba.

"Kaka, in gaskiya ya faɗa, ki sake haɗa masa mana."

"Da wane hanci, 'yar nan? Tun ciwon bara ko tafarnuwa ba na ji. Ni kuwa ban taɓa awo da mudu ba. Kada ki faɗa masa. Kawo garwashi."

Tausayinsa ya kama ni ba shiri. Na kawo garwashin, ya shigo ya zauna inda ya saba. Kaka ta tsinta da yatsu biyu, ta mayar da rabi cikin kwalba. Hayaƙi ya tashi siriri, Alhaji ya rufe ido.

Kullum a bakin ƙofa nake tsayawa, labule a ɗage, don in ga abin da zai yi. Ranar sai na saki labulen, na ja ƙofa, kada iska ta kwashe hayaƙin.