Moya a Tungar Hashimu

Labarin ya iso Tandabawi, unguwarmu a Makka, ta waya, kamar yadda labarai suka koma isowa yanzu. Wai madatsar ruwa ta fashe a gida, ta shafe Tungar Hashimu baki ɗaya, ko akuya ba ta tsira ba. Kuma akwai bidiyo. Da zarar an ce akwai bidiyo, mutanenmu sai su yi shiru kamar an kawo shaidu gaban alƙali.

Ni ban san Tungar Hashimu ba, amma na san Hajo, maƙwabciyata mai tuyar funkaso. Can aka haife ta, can ta bar 'yarta Hajara a hannun kaka, ta zo Hajji ba ta koma ba. An haura shekara ashirin, kuma ba ta da iƙama, takardar izinin zama. Ta yi ta kiran lambar Hajara, ba ta shiga. Ranar da na leƙa ta, na tarar ta ɗaure kaya, wai za ta miƙa kanta ga masu tarhil, jami'an korar baƙi, su mayar da ita gida. Duk mun san abin da hakan ke nufi: a ɗauki hoton yatsunka, a saka ka a jirgi, a rufe ƙofa. Mai shekarun Hajo ba ta sake ganin Harami.

Na roƙe ta ta ba ni wayar, ta kuma ba ni yini guda.

Na yi koyarwa har na gaji kafin ɗana Rabi'u ya ɗauko ni na zauna da shi a nan, kuma tun muna ɗalibai a Zariya nake kallon finafinan bala'i a zauren makaranta. Lokacin ƙananan gidaje masu fim suke ginawa a cikin kwatarniya, su kwara musu ruwa, su ɗauka a hankali. Ana iya ƙanƙanta gida, amma ba a iya ƙanƙanta ruwa, sai ka ga ɗigo ɗaya ya kai girman taga. Da wannan nake kama su. Da kwamfuta ta shigo, ruwan farko da ta yi kamar narkakkiyar leda yake, yana sheƙi ba ya jiƙa komai. Nan ma ban sha wahala ba.

Na sa tabarau na buɗe bidiyon da yaƙinin tsohuwar malama. Ruwan ja ne, yana kumfa, yana jan itatuwa, yana tsayawa inda ruwa zai tsaya. Na duba ɗigon, daidai yake. Na duba inuwa, ita ma daidai. Na maimaita har idona ya yi zafi, ban sami inda zan kama ba. Masu aikin sun wuce ni, kuma ban san yaushe ba.

Na kife wayar a cinya don in huta, ita kuwa ta ci gaba da magana. A cikin rurin ruwan ana jin mutane suna salati, wani namiji yana kiran a gudu. Sai na ji ya ce, "Yalla ku hau tudu, moya ta zo."

Moya. Haka mutanen Makka ke kiran ruwa, haka 'ya'yanmu da suka tashi a nan ke kiransa ko da Hausa suke yi. Wane masunci ne a bakin gulbi, ruwa na bin sa, zai ce moya?

Na hau bas zuwa Kudai, shagon Mukhtaru mai tura wa mutane bidiyo a waya. Da ya ga abin da na kawo sai ya fara dariya, ya ga ban taya shi ba, ya haɗiye ta. Ya lalubo min fim ɗin a kwamfutarsa. Ga ruwan nan, ga itacen nan, amma a sama akwai dogayen benaye da gada, waɗanda aka yanke a na wayar Hajo. Ya ce wasu direbobi ne suka ɗora muryoyinsu don tsokanar wani abokinsu mutumin gulbi, abin ya kuɓuce musu, kowa ya samu sai ya laƙaba sunan garin da ya ga dama. Na tambaye shi ko shi ma ya tura. Ya ce shi dai abin da aka nema yake bayarwa.

"To yau nemo min wanda ya san Tungar Hashimu," na ce.

Ya yi ta buga waya har aka dace da wani ɗalibi da yayansa ke cin kasuwar garin. Kafin la'asar, Hajara da kanta ta kira da wayar aro.

Na kai wa Hajo labari ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa. Ta yi magana da 'yarta, ta yi kuka, ta yi hamdala. Amma ba ta kwance kayan ba.

"Malama, ke da ba ki taɓa zuwa ba kin gane ba garinmu ba ne," ta ce. "Ni na kalla na yi ta kuka, har ina nuna wa mutane bayan gidanmu."

Na ce mata aikin ƙwararru ne, ni ma idona bai kama ba. Ta ce ni ba a can aka yanke min cibiya ba. Na kawo mata maganar Harami, da funkasonta, da ciwon ƙafarta. Ta saurare ni har na ƙare, sannan ta ɗauko kaskon tuyarta ta ce in ba matar Rabi'u.

Ruwan na fim ne. Muryar ta wani direban Kudai ce. Damina ba ta ma kankama a Tungar Hashimu ba, wayar Hajara ce ta lalace. Hajo ta miƙa kanta da safiyar Lahadi.