Madara a Kan Duwatsun Murhu

Shekara talatin da ɗaya ke nan da aka tashi su Parsaloi daga kwarin da ke gefen kogin Mara, aka ce ƙasar ta namun daji ce. Bai sake taka wurin ba, sai da ɗansa Tobiko, direban wani sansanin 'yan yawon buɗe ido, ya zo masa da magana. Baƙi sun ragu saboda damina, mai sansanin ta yarda kowane ma'aikaci ya kawo mutum ɗaya ya kwana. Sansanin kuwa a cikin kwarin yake.

Parsaloi bai nuna murna ba. Ya dai sa aka cika masa gora da madarar safe. Idonsa na hagu ya mutu, na dama yana bin sahu. So yake ya kai wa kabarin ubansa madara da ɗanyar ciyawa tun yana iya gane wurin. Ubansa babban dattijo ne, ba a bar wa kuraye shi ba kamar yadda al'adarsu take yi wa sauran matattu. Ƙarƙashin ɓaure aka kwantar da shi, Parsaloi da ƙannensa suka tara masa duwatsu.

A mota Tobiko ya kasa barin halin aikinsa.

"Baba, ga raƙuman dawa can."

"Na gan su."

"Wancan zakin na kwance, Kyakkyawa muke ce masa."

"An aske masa kai ranar sunan?"

Daga nan Tobiko bai ƙara nuna komai ba.

Sun isa rana na faɗuwa. Aka kai tsohon wani tanti mai gado da madubi, aka gaya masa doka: in duhu ya yi, baƙo ba ya fita shi kaɗai, sai mai gadi ya raka shi. Ya zauna a bakin gadon da gorarsa a cinya. Ya taɓa kwana uku a wannan dajin yana bin sawun zakin da ya ci masa maraƙi.

Mai gadin da ya zo da mashi da tocila, sai ga shi Sironka ne, sa'ansa, wanda aka yi musu kaciya shekara ɗaya. Sironka ya taɓa ba shi karsana, tun daga ranar Parsaloi yake kiransa Mai-Karsana.

"Mai-Karsana, kai ne za ka tsare ni? Kai da jakin dawa ya kora har kan bishiya?"

"Ɓauna ce, makaho. Kuma kai ka riga ni hawa."

Suka yi dariya kaɗan. Parsaloi ya sunkuya ya tsinki ciyawa a gefen tantin.

"Kai ni ɓauren."

Sironka ya tsaya yana gyara mayafinsa. "Bari gari ya waye mana."

"Idona ba ya jiran wayewar gari. Mu je."

Ɓauren na nan, ya ƙara girma. An rataye masa fitilu. An baje ƙasar gindinsa, an zuba tsakuwa, an ɗora tebur mai kwalabe. Gaba kaɗan wuta na ci, Turawa shida sun kewaye ta a kan kujeru, Tobiko na tsaye yana ba su labari. Parsaloi ya zaga bishiyar sau biyu yana laluben ƙasa da sandarsa. Ko tudu babu.

"Ina duwatsun?"

Sironka ya nuna wutar da haɓa. Duwatsu ne aka jera da'ira, suka zama murhu.

"Magina ne daga garin Narok," in ji shi. "Sun tarar da su a tare, suka ce an rage musu aiki."

"Kana nan?"

"Ina nan."

"Da mashinka?"

"Da 'ya'ya bakwai a makaranta."

"Ɗana ya sani?"

"Na gaya masa ran da ya fara aiki. Ya ce shi zai gaya maka. Shekara huɗu ke nan."

Parsaloi ya dubi tsakuwar. Ba zai iya cewa nan ne kai, nan ne ƙafa ba. Yana iya zuba madara a inda babu kowa. Duwatsun kuwa hannunsa ya san su.

Ya ratsa tsakanin kujeru bai gai da kowa ba. Ya durƙusa, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya duk da zafinsu, har ya kai ga wani mai tsagi a tsakiya, wanda ubansa ke wasa mashi a kai. Ya cire murfin gora. Ya kira sunan ubansa, ya faɗi sunayen jikoki, da waɗanda suka mutu, da inda shanu suke yanzu. Ya tsiyaya madarar. Ta yi ƙara a kan dutsen, ta ƙone, ƙauri ya tashi. Ya ajiye ciyawar, nan take ta yanƙwane.

Da ya ɗago, wayoyi shida na kallonsa. Wani ya fara tafi, sauran suka bi.

Wata mace mai farin gashi, ita ce mai sansanin, ta tambayi Tobiko wani abu. Ya amsa mata da murmushi. Ta dafa ƙirji.

"Me ka ce mata?" in ji Parsaloi.

"Baba, mu je tanti, zan yi maka bayani."

"Me ka ce mata?"

"Na ce addu'ar maraba da baƙi ce." Tobiko ya sauke murya. "Tana tambaya ko za ka riƙa zuwa kana yi in baƙi sun dawo da rani. Ta ce ba kyauta ba."

Parsaloi ya dafa sanda ya miƙe. Ya matso da fuskarsa kusa da ta ɗansa, don idon ya gan shi da kyau.

"Juya ka faɗa musu wanda suke jin ɗumi a kansa. Sunan kakanka kawai. Ba shi da tsawo."

Tobiko ya juya. Ya yi magana da Turanci, gajeriya. Baƙin suka yi dariya mai daɗi, ɗaya ya ɗaga wa tsohon kofi. Parsaloi ba ya jin Turanci, amma ya san sunan ubansa, kuma bai ji shi ba.

Bai hau gadon ba. A ƙasa ya kwanta cikin mayafinsa. Can wajen kogi zaki ya yi ruri, na tantin kusa suka yi ta shewa.

Da asuba Tobiko ya zo da shayi.

"Baba, za mu fita kallon namu. Na ajiye maka kujerar gaba."

"Kai ni bakin ƙofar gandun dajin."

"Daga can zuwa gida ai tafiyar yini ce."

"Na san tsawonta. Da ƙafa muka bar nan."