Dikten Mushe Bunu

"Zalika, matsa. Kin zauna mata a kan zane."

Na duba damana, ba kowa. Ladidi tana haguna da kaye, littafin rubutunta, a kan gwiwa, ita ma ta ɗaga kai. Mu biyu ne kawai a kan tabarmar, a gindin dogon yaron da ke tsakar gidan Mushe Bunu.

"Wa, Mushe?"

"Matsa na ce."

Na matsa har kafaɗata ta gogi ta Ladidi. Ya kalli wurin da na bari, ya gyaɗa kai, ya gyara tabarau, ya ci gaba da karanta mana dikte kamar ba abin da ya faru.

Wannan a watan Afrilu ne na shekarar 1998, ina aji shida, wanda muke kira CM2. Daga Damagaram aka turo babana aiki ofishin noma na Diffa, muka sauka a gidan da ya haɗa katanga da na Mushe Bunu. Mushe shi ne yadda muke kiran malami namiji da Faransanci. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, Babarbare dogo siriri, wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa a ƙauyukan bakin kogin Komadugu. Shi da matarsa Ya Fatime kaɗai ne a gidan. 'Ya'yansu sun watse, wani Yamai, wani Maiduguri.

Ni kuwa shekarata ta biyu ke nan a ajin. Lissafi bai taɓa ba ni tsoro ba. A ba ni famfon da ke cika tanki da wanda ke zubarwa, yanzu na faɗi awa nawa za a yi. Taswirar Nijar ko ido rufe nakan zana ta, har da ɗan layin Komadugu a kusurwa. Dikte ne ya kayar da ni. Malami ya karanta Faransanci, kai kuma ka rubuta. Kuskure biyar, sifiri ke nan, kuma sifiri a dikte ya isa ya hana mutum satifika. Bara na yi goma sha ɗaya. In na sake faɗuwa za a soke sunana, kwalejin da nake mafarki sai dai in riƙa ganin ƙofarsa daga nesa. Ga malamanmu a shekarar yau suna aji, gobe suna yajin aiki. Shi ya sa Inna ta shiga ta roƙi Mushe Bunu.

Tun Janairu muke zuwa, ni da Ladidi 'yar ajinmu. In an tashe mu da sha biyu muka ci abinci, sai mu shiga kafin komawar ƙarfe uku. Lokacin duk unguwa ta kwanta, ko akuya ba ta yawo, ba ka jin komai sai kukan kurciya.

"Faransanci harshen ɓoye ne," haka yakan ce. "Ba harafin da kuka ji ne zai kashe ku ba. Wanda ke zaune a ƙarshen kalma ya yi shiru, shi za ku nema."

Ranar da ya ce in matsa, daga nan abin ya soma. Kashegari kafin dikte sai ya ce zai kira suna. Mu biyu rak, me za a kira? Ya miƙe tsaye da ƙyar, hannu a baya.

"Ladidi."

"Ga ni, Mushe."

"Zalika."

"Ga ni, Mushe."

"Kaltumi."

Muka kalli juna. Ya karkata kunne wajen damana, ya jira. Sai fuskarsa ta saki.

"Kin makara," ya ce a hankali. "Ba komai. Zauna."

Haka kullum. Ban da wannan, hankalinsa garau yake. Yakan kama kuskuren da ko malaminmu na aji ba ya gani. Sai dai in ya zo raba alli yakan karya shi uku, ya ajiye na ukun a kan tabarma.

Wata rana cikin Mayu, zafi har ƙasa na ƙona ƙafa ta cikin takalmi, bik ɗina na rubutu ya gangara wajen da muke bari. Na miƙa hannu in ɗauko, na ji tabarmar da danshi. Wurin kamar faɗin faifai, da sanyi. Na janye hannu, na taɓa Ladidi, ita ma ta taɓa wurin. Ba ta jira ƙarshen dikten ba. Ta tattara kayenta ta fita da takalmi ɗaya a hannu, kuma daga ranar ba ta ƙara taka gidan ba.

Na samu Ya Fatime a madafa tana daka busasshen tattasai, ta ɗaure hanci da gefen mayafi.

"Ya Fatime, tabarma ta jiƙe."

"Ni na yayyafa ruwa a ƙasa, 'yata, don ku ji sanyi."

"Wuri ɗaya ne kawai ya jiƙe."

Ta dakata da dakan.

"Wace ce Kaltumi?" na ce.

Ta jawo mini kujera 'yar tsuguno. Da Hausarta mai nauyin Barbarci ta ba ni labarin.

Ta ce a 1971 ne, suna sabon aure, yana koyarwa a wani ƙauye yamma da Shetimari. A zamanin an hana yara yin harshensu a lakwal. Akwai ƙashin muƙamuƙin jaki da aka ɗaura wa igiya, ana ce masa sambol. Duk yaron da aka kama yana Barbarci, a rataya masa a wuya, ya kwana da shi, da safe ya kawo a yi masa bulala. In ya ɓatar, bulalar ta ninka. Kaltumi ita ce ta ɗaya a ajinsa, satifika za ta yi a shekarar. Rannan ta manta, ta ce wa ƙawarta tana jin ƙishirwa da Barbarci. Shi da kansa ya rataya mata.

"Iyayenta suna zaune a gonar tattasai, ƙetaren wani reshen kogi. Watan sanyi ne, ruwa ya cika. Da gora suke hayewa, su rungume shi su yi iyo da ƙafa. Da safe suna tsakiyar ruwa igiyar ta tsinke, ƙashin ya faɗa ruwa. Yara suka ce mata ki bar shi. Ta ce Mushe zai buge ni. Ta saki goran ta bi shi."

Ya Fatime ta share ido da bayan hannu, ta ce tattasai ne.

"Kwana biyu kafin a same ta. Shekara ashirin da bakwai bai ambaci sunanta ba, ko a gabana. Sai bana."

Da Inna ta ji daga bakin uwar Ladidi, ta ce na daina zuwa.

"Mutumin nan ƙafarsa ɗaya tana can. Ba na son a riƙa zaunar da ke kusa da abin da ba a gani."

"Inna, kuskurena ya sauko bakwai. Saura wata ɗaya."

"Ko ɗaya ya sauko!"

Na yi kuka har Baba ya sa baki. Ya ce tsufa ne kawai da zafi, kuma maƙwabci bai cancanci a guje shi a irin wannan hali ba. Inna ta yarda, amma ta sa na riƙa karanta Ayatul Kursiyyu a bakin ƙofarsu kafin in shiga.

Na ci gaba da zuwa ni kaɗai. Gaskiya ina jin tsoro. Nakan zauna can ƙarshen tabarma, ba na duban dama, amma gefen jikina na wajen yakan yi sanyi har tsikar jikina ta tashi. Wani lokaci yana tsakiyar jimla sai ya tsaya, ya ce, "Jira ta, ba ta gama ba." In ɗaga bik in jira. Kurciya tana kuka, ni ina ƙirga numfashina, har ya ce mu ci gaba.

Farkon Yuni ƙafafunsa suka kumbura. Aka kai shi likita, ya kwana huɗu, aka dawo da shi. Ya daina fitowa gindin itacen. Aka shimfiɗa masa katifa a rumfa, nakan zauna kusa da kansa don muryar ta yi ƙasa. Kuskurena ya sauko shida, ya sauko biyar, ya tsaya a nan kamar an kafa shi.

Saura kwana biyu jarrabawa, ranar Lahadi, na shiga da rana tsaka. Idonsa a rufe. Na juya zan fita sai ya ce, "Buɗe kaye. Rubuta kwanan wata."

Na rubuta. Ya soma karantawa, ba littafi a hannunsa. Amma abin da ya fito daga bakinsa ba Faransanci ba ne. Barbarci ne. Tun da nake ban taɓa jin ya yi shi a gaban ɗalibi ba, ko da matarsa in muna wurin sai dai Hausa. Ni kuma ban da gaisuwa da cinikin kasuwa ba abin da na iya.

"Mushe, ban san yadda ake rubutawa ba."

"Rubuta yadda kika ji. Wannan ba shi da harafin ɓoye."

Ya maimaita kowace gaɓa sau biyu, yadda ya saba, har da faɗin inda za a sa waƙafi. Na bi sautin da haruffan da na sani. Layi uku ne. Da ya gama bai ce in kawo ya gyara ba. Ya juya fuska wajen ƙofar rumfa, ya kafa ido a daidai tsayin yarinya kamata, ya yi ta kallo. Na ce masa sai gobe, na fita.

Litinin bayan azahar ina bitar tarihi a ɗakinmu na ji salatin Ya Fatime ta kan katanga. Ba ihu ta yi ba. Sau ɗaya ta ɗaga murya, sai shiru. Kafin la'asar maza sun cika ƙofar gida, har da waɗanda ya koyar, wasu da furfura a gemu. Na leƙa ta zaurenmu lokacin da aka fito da makara. Mushe ya yi mata tsawo, har ƙafafun sun kusa wuce bakinta.

Talata na shiga jarrabawa ido a kumbure. Baƙon malami ne ya karanta dikten, a kan manomi da shanunsa. Kowace kalma na tsaya a ƙarshenta na nemi mai shiru. Da sakamako ya fito daga baya na ci, kuma aka ce kuskure huɗu na yi.

Ranar da muka gama jarrabawar na ɗauki kayena na shiga wajen Ya Fatime. Mata masu zaman makoki sun ragu, tana zaune a rumfa da carbi. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na ce akwai abin da Mushe ya sa na rubuta, ban san ma'anarsa ba.

"Karanta in ji."

Na karanta ina tuntuɓe. Ta ce in sake. Na sake. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Me ya ce, Ya Fatime?"

Sai ta fassara mini.

"Ya ce, ki bar shi ya tafi, ƙashi ne kawai. Ki kama goranki ki fito. Ba zan buge ki ba."

Ta miƙo hannu, na yage takardar na ba ta. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta ninke ta huɗu ta ƙulle a bakin zanenta.

Hadari ya soma haɗuwa daga gabas, na farko a shekarar. A tsakar gida an wanke babbar rigarsa shuɗiya da za a bayar sadaka, an zura igiyar shanya ta hannuwanta. Iska ta taso ta shiga cikinta, rigar ta cika ta miƙe, hannuwa a buɗe. Muka zauna muna kallonta har ɗigon farko ya sauka a kan kwanon rumfa.