Akwatin Alƙur'ani a Istanbul

Alhaji Bappa ya yi shekara talatin da biyu yana zanen gine-gine a ma'aikatar ayyuka, bayan ya yi ritaya ma bai daina zana masallatai ba. Yana saurayi aka taɓa tura shi kwas Turkiyya. Ranar da zai dawo ya je wani shahararren gidan adana kayan fasahar Musulunci a Istanbul, ya tarar da shi a rufe. Abin da ya samu kawai kati ne a hannun wani mai talla, ɗauke da hoton akwatin ajiye Alƙur'ani na katako da adon hauren giwa, murfinsa kamar ƙubbar masallaci. Duk wanda ya tashi a gidansa ya ji labarin akwatin nan har ya gaji.

Bana autarsa Suhaila ta yanka musu tikiti su biyu. Saura kwana goma su tashi ciwon ƙodarsa ya tsananta, likita ya ce ko Abuja ba zai iya zuwa ba. Suhaila ta ce ta fasa.

"Ba ki fasa ba," in ji shi. "Ki je ki tsaya a gabansa, ki kira ni ta bidiyo in gani."

Ranar Laraba tun safe bai ci komai ba, sai tambayar matarsa Hajiya Zulaiha yake ƙarfe nawa. Jirgin Suhaila ya makara, ta kuma tarar da dogon layin 'yan yawon buɗe ido a ƙofa. Sai ƙarfe biyu da minti ashirin wayar ta yi ƙara. A can huɗu ta wuce ke nan, kuma biyar ake rufewa.

Hajiya ta ɗauka. Fuskar Suhaila ta fito, ta tsaya cak, ta ɓace. Gidansu na Nassarawa a Kano tsohon gini ne mai kaurin bango, sabis ba ya shiga ɗakin Alhaji sosai. Ta fita falo da wayar a sama, ta zaga ta kicin, ta fito tsakar gida babu takalmi. Sai kusa da get, ƙarƙashin darbejiya, muryar ta fito.

"Umma, na shigo! Ina Abba?"

"Kada ki kashe. Malam Zakari! Malam Zakari, zo ka kama mini Alhaji!"

Malam Zakari mai gadi, dattijo ne mutumin Ringim, ya yar da butarsa ya biyo ta. Su biyun suka ɗaga Alhaji suka ɗora a keken marasa lafiya, yana cije leɓe don zafi. Keken ya maƙale a matakala, sai da suka ciccibe shi gaba ɗaya. Da suka isa gindin bishiyar Hajiya na haki, ta durƙusa a ƙasa ta riƙe masa wayar dab da fuska.

Suhaila na tafiya da sauri, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta wuce dardumai, fitilu, manyan littattafai a cikin gilashi. Can ta tsaya. Hajiya ta ga gilashi, ta ga jan ƙyalle a shimfiɗe, da wata 'yar takarda a kai. Babu komai a ciki.

"Kin iso?" Alhaji ya tambaya. Idonsa ya yi rauni, inuwa kawai yake gani.

"Ina zuwa, Abba."

Suka ji ta tana Turanci da wata ma'aikaciya. Matar ta ce an ɗauke akwatin an kai gyara, sai bayan wata uku, kuma mai son ganinsa a can sai ya rubuto takarda. Suhaila ta ce minti ɗaya kawai take roƙo, ko daga bakin ƙofa ne. Ta juya wayar ta nuna wa matar fuskar mahaifinta. Matar ta dafa ƙirji, ta tafi da sauri neman shugabanta. Suka yi ta jira. Ta dawo tana girgiza kai, ta ce mai makullin ya tashi.

Hajiya ta janye wayar ta matsa gefe.

"Ki nuna masa wani mai kama da shi," ta ce da raɗa. "Don Allah, Suhaila. Ba ya gani sosai."

"Umma, zai gane."

"Ki gwada mana! Tun safe ko ruwa bai sha ba."

"Ina jin ku," in ji Alhaji. "Zulaiha, kawo wayar."

Ta mayar masa.

"Babu shi ko?"

"Babu, Abba." Suhaila ta fashe da kuka. "Sun kai gyara. Na roƙe su, wallahi na roƙe su."

Malam Zakari ya kau da kai yana kallon get.

"To mene ne kusa da ke?" in ji Alhaji.

"Wata ƙofa ce ta katako, doguwa. An sassaƙa taurari a jikinta."

"Tauraron tsakiya, tsininsa nawa? Ƙirga mini."

Ta share hawaye ta fara. Ta rikice a bakwai, ta sake daga farko.

"Goma sha biyu, Abba."

"Goma sha biyu," ya maimaita, yatsansa na zana wani abu a kan bargon da ke cinyarsa. "Na gefensa fa?"

Kafin ta amsa aka yi sanarwa da lasifika, masu gadi suka fara fitar da mutane. Suhaila ta ce su ba ta daƙiƙa goma. Hoton ya karkata, suka ga rufi, suka ga ƙafafun mutane, kiran ya yanke. Hajiya ta sake kira sau huɗu, bai shiga ba.

"Zakari, mayar da ni ciki," in ji Alhaji.

Suhaila ba ta tsaya kwana biyar ɗin da ta shirya ba. Ta canza tikiti, ta sauka Kano ranar Juma'a, daga filin jirgi ta wuce asibiti, don an kwantar da shi tun ranar Alhamis. Ya gane ta, ya riƙe hannunta, amma magana ta riga ta tsaya. Ranar Lahadi bayan la'asar Allah ya yi masa rasuwa.

Cikin masu zuwa ta'aziyya akwai waɗanda suka tambaye ta yaya Istanbul, an ce gari ne mai kyau. Takan ce lafiya ƙalau, ta tashi ta shiga ciki.