Kunkurun Enid

Wilfred Tebbutt bai taɓa ƙaunar kunkurun nan ba. Da shi matarsa Enid ta tare, kamar yadda wasu matan ke tarewa da tukwane. Sunansa Barnaby, kuma aikinsa ɗaya a duniya, cinye latas ɗin da Wilfred ya sha wahalar shukawa.

Duk shekara, da ganye ya fara zuba, Enid takan hana kunkurun abinci sai cikinsa ya zama wayam, ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kwali, ta huhhuda murfin, ta kai shi ɗakin ajiya na bayan gida, inda sanyi ke ratsa ƙashi. Can yake barcinsa har itatuwa su yi toho. Da yake tsohuwar malamar makaranta ce, ba ta iya yin abu ba darasi. Takan ce kalmar da Turawa ke kiran wannan barci da ita daga Rumawa aka aro ta, daga sunan hunturu, lokacin da sojojinsu ke lafewa a bariki.

"Ba lalaci ba ne, Wilf, jira ne," in ji ta. "Kuma sanyin ne ke riƙe da ransa. Kai ne dai kake sharar barcinka ba dalili."

A bana Enid ta riga ganyen faɗuwa. Bayan an binne ta a harabar coci, gidan ya rage daga Wilfred sai ɓarawon latas ɗinsa. A duk abin da ta bari, shi kaɗai ne mai numfashi.

'Yarsu Gillian ta ce, "Baba, ka ba ni shi mana, kada ya zame maka wahala."

"Wahalar me? Tun kafin a haife ki nake kallon uwarki tana yi. Kwali ne da ciyawa, ba tiyata ba."

Kuma ya yi komai daidai, har hujin murfin. Sai dai ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, ya je kabarin da safe ya tarar ta rufe sunan Enid da ke jikin dutsen kabarin. Ya share da hannu, yatsunsa suka ƙage. Matar da ba ta iya kwanciya sai da safa biyu! Da ya dawo ya shiga ɗakin ajiya neman shebur, ya dafa kwalin, ya ji shi da sanyi irin na dutsen can. Zuciyarsa ta karye.

"Can ban isa in yi komai ba," ya ce. "Nan kuwa na isa."

Ya rungumi kwalin ya hau bene da shi, ya sa a kabad ɗin tankin ruwan zafi, inda Enid ke shanya tawul.

Ɗumi ba gata ba ne ga kunkuru mai barci. Yakan tashe shi ne da cikin da ba komai, ya yi ta cin kitsen jikinsa a duhu. Wilfred ya sha jin haka, amma baƙin ciki ya toshe masa kunne. Idan yana shan shayin la'asar ya ji ƙaras-ƙaras daga sama, har murmushi yake yi, don an daɗe wani abu bai motsa a gidan ba.

"Na ji ka, sarkin ci! Koma ka kwanta, da saura."

Da motsin ya ɗauke, sai ya ce madalla, barci ya yi daɗi.

Ranar da rana ta fara leƙowa da ɗumi, Gillian ta zo. Wilfred ya sayo latas mafi kyau a shago, shi da ya yi shekaru yana korar kunkurun daga kansa. Ta bi shi bene, tana mamakin me ya sa ba bayan gida suka nufa ba. Da ya buɗe kabad ɗin, ta dafe ƙirji.

"Baba, a nan ya yi hunturun?"

Ya ɗaga murfin. An ture ciyawar gefe guda, kusurwar kwalin ta sha karta har ta kusa hujewa. Ya sa hannu ya ɗauko Barnaby, ya ji shi sakayau kamar busasshiyar ƙwarya, ba sauran rai.

Ya zauna a kan matakala, kunkurun a cinyarsa, latas ɗin a ƙasa.

"Ta faɗa mini, Gillian. Duk shekara sai ta faɗa." Ya shafa bayan kunkurun. "Ni dai ban so shi ma ya ji sanyi ba ne."